Yadda Ake Gwada Kiran da LTB4 Ke Yi wa Nutrofil a Ɗakin Gwaje-gwaje

Mun shirya wannan bayani ne domin 'yan uwanmu ɗaliban kimiyyar gwajin jini, 'ya'yan Hausawan Mai Wurno da Sinnar da Gadarif da Kasala da Wad Madani a ƙasar Sudan, waɗanda aikin kammala karatunsu ya shafi kumburi da garkuwar jiki. Gwajin da za mu bi dalla-dalla shi ne na ganin yadda nutrofil, wata irin farar ƙwayar jini, ke tafiya zuwa inda sinadarin lukotirayin B4 yake, wanda ake taƙaitawa LTB4. A takarda aikin ba shi da wuya. A kan teburi kuwa abu biyu ne ke kayar da yawancin masu yi: ko dai su tayar da ƙwayar tun kafin a soma gwajin, ko kuma LTB4 ɗin, wanda maiƙo ne, ya lalace kafin ya iske ta. Duk matakan da ke tafe kariya ce daga waɗannan biyun.

Abin da ake ƙoƙarin gani

Fatar kowace ƙwayar jiki maiƙo ce, kuma a cikinta akwai wani asid mai ƙwayar kabon 20 da ake kira arakidonik. Idan aka samu rauni ko ƙwayar cuta ta shigo, kalsiyam yakan ƙaru a cikin farar ƙwayar jini, sai inzayim ɗin cPLA2 ya yanko arakidonik daga fatar. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce ta inzayim ɗin COX, mai haifar da furostagilandin, masu kawo zafi da zazzaɓi da buɗewar jijiyoyi. Ita ce asfirin da ibufurofen da dikulofenak ke toshewa, kamar yadda John Vane ya nuna game da asfirin a 1971. Ta biyu ita ce ta inzayim ɗin 5-LO, wanda da taimakon furotin ɗin FLAP yake samar da LTA4. A cikin nutrofil LTA4 kan koma LTB4. A cikin iyosinofil da ƙwayoyin mast kuwa yakan koma LTC4, daga shi a samu LTD4 da LTE4, masu matse hanyar numfashin mai asma, waɗanda maganin mantelukas ke tare wa makarɓa. Bengt Samuelsson da Pierre Borgeat ne suka bayyana LTA4 da LTB4 a Cibiyar Karolinska ta Suwidin a 1979, kuma a 1982 aka ba Samuelsson da Sune Bergström da Vane kyautar Nobel.

LTB4 yana zama ne a kan makarɓinsa, wato furotin ɗin da ke karɓarsa a fatar nutrofil, mai suna BLT1, wanda aka gano a Japan a 1997. Cikin daƙiƙu kalsiyam ya tashi, ƙwayar ta bar siffarta ta ƙwallo ta yi goshi da wutsiya, furotin ɗin manne CD11b ya fito, ta kama hanya zuwa ɓangaren da sinadarin ya fi yawa. Wadda ta isa kuma ita ma sai ta saki nata LTB4, ta kira na baya, kamar yadda ake miƙa kira daga gona zuwa gona idan gobara ta tashi. Da haka 'yan ƙwayoyi kaɗan ke tara dubbai a bakin rauni ko inda ƙudan yashi mai kawo kala-azar ya ciji mutum.

Ku riƙe abu biyu. Jiki ba ya ajiye LTB4, sai an buƙata ake haɗa shi. Sannan nutrofil da kanta take rusa shi cikin mintuna ta inzayim ɗin CYP4F3. Saboda haka lokaci yana cikin kayan aikin wannan gwaji.

Wanda za a ɗebi jininsa

Kada a taɓa allura sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da sa hannun mai bayarwa. Bayan haka a zauna a yi masa tambayoyi a natse, domin mutane da yawa ba sa ɗaukar ƙwayar ciwon kai a matsayin magani. Wanda ya sha asfirin cikin kwana 10 a ɗaga masa, don asfirin na kashe COX na filetilet har ƙarshen rayuwarsu, kwana 7 zuwa 10. Haka mai shan ibufurofen, da firednisolon ko wani sitiroyid, da kwalcisin (wannan kai tsaye yake hana nutrofil tafiya), da kafson man kifi. Wanda ya yi zazzaɓi ko maleriya cikin mako biyu, ƙwayoyinsa a tashe suke. Haka mai sigari ko shisha. A riƙa ɗibar jini da safe a lokaci guda kullum, kuma idan aikin ya ratsa Ramadan a rubuta wanda ke azumi, kada a cuɗa sakamakon ba tare da alama ba.

Akwai abubuwa uku na yankinmu da takardun hanyoyin aiki na Turai ba su cika ambata ba, alhali suna iya juya sakamako.

Na farko, mafi yawan mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, har da Hausawa, ba su da furotin ɗin Duffy a kan jajayen ƙwayoyinsu. Masu wannan gado sukan nuna ƙarancin nutrofil a jini, wani lokaci ƙasa da 2.0 × 10⁹ a lita, alhali lafiyarsu ƙalau, ƙwayoyin kuma suna aiki yadda ya kamata. Kada a kore su daga bincike, kada kuma a tsorata su da cewa suna da cuta. A ƙara yawan jinin da ake ɗiba kawai, ml 30 maimakon 20.

Na biyu, bilharziya. Wanda ya taso kusa da magudanan ruwan noman Jazira yana iya ɗauke da iyosinofil masu yawa ba tare da ya sani ba. Iyosinofil suna da nauyi, tare da nutrofil suke sauka ƙasan kwalba, su ma suna da BLT1, kuma suna fitar da LTC4. A yi cikakken ƙidayar jini tun farko. Idan iyosinofil sun haura kashi 5 cikin 100 a nemi wani.

Na uku, sikila. Idan binciken a kan masu sikila ne, a sani jajayen ƙwayoyinsu ba sa jeruwa su nutse da sauri, kuma sun fi jure ruwan fasa ƙwaya. Matakai biyu na gaba za su ɗauki lokaci fiye da yadda aka saba.

Ware nutrofil

A ɗebi jini da allura 21G cikin kwalbar EDTA ko ACD, a hankali, ba tare da kumfa ba. A soma aiki cikin awa guda. Kada a sa shi a ƙanƙara ko firji: sanyayawa sannan a sake ɗumamawa na fito da CD11b, wato ƙwayar ta farka. Kada kuma a bar shi cikin zafin rana. Ɗakin ya kasance tsakanin digiri 18 da 22. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan na nufin a fara aiki da sassafe a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, bayan an tabbatar akwai mai a janareta. Duk kwalaben su zama na folifurofilin, domin nutrofil na manne wa gilashi. Duk ruwan da zai taɓa ƙwayar ya zama marar endotoksin. Tafasawa ko otokilef na kashe ƙwayar cuta amma ba ya kawar da wannan guba. Ledar ruwan gishiri 0.9% ta ƙarin ruwa da ke kantin magani ta fi ruwan da aka haɗa a ɗaki tsabta ta wannan fuska.

A haɗa jinin da dekstran T500 mai ƙarfin 3% cikin ruwan gishiri, awo ɗaya da awo ɗaya. A juya kwalbar sama da ƙasa sau goma a hankali, a tsayar da ita a miƙe minti 20 zuwa 30. Jajayen za su nutse, a bar ruwa mai launin rawaya a sama. Wuce minti 40 asara ce, fararen ma sun fara bin su ƙasa. A kwashe na saman, a juya a santirifuj a 250 g na minti 10, a zubar da ruwan (yawancin filetilet na tafiya da shi), a narkar da abin da ya kwanta cikin ml 20 na ruwan gishiri.

A zuba ml 10 na Ficoll-Paque, ruwan da ke rarraba ƙwayoyi bisa nauyinsu, a kwalbar ml 50, a karkata ta, a kwarara ƙwayoyin a kan bango sannu a hankali har su hau saman ba tare da sun gauraya ba. A juya a 400 g na minti 30, birki a kashe. Idan injin yana nuna juyi a minti ne kawai, ga lissafin: g daidai yake da 1.118 × 10⁻⁵ sau tsawon hannun injin a santimita sau juyin sau kansa. Injin mai hannu cm 15 yana buƙatar juyi kusan 1,550. Nauyin Ficoll-Paque 1.077 ne a kusan digiri 20, kuma yana raguwa da zafi. Santirifuj marar sanyi da ya riga ya yi aiki tun safe yana iya ɗumama shi har limfosayit su zube ƙasa su gurɓata muku nutrofil. A taɓa cikin injin kafin a saka. Idan da ɗumi a bar murfin a buɗe ya huce.

Bayan an tsaya za a ga farin zobe a tsakiya, na limfosayit da monosayit, da jan gindi a ƙasa. Nutrofil na cikin gindin. A tsotse zoben da duk ruwan, a goge bangon kwalbar, sannan a fasa ragowar jajayen: ml 10 na ruwan gishiri 0.2% na daƙiƙa 30 daidai, agogo a hannu, nan take a bi da ml 10 na 1.6%, wanda ke maido da shi 0.9%. Ƙarin daƙiƙa 20 ya isa ya kumbura nutrofil. A juya a 250 g na minti 6. Idan har yanzu da ja a maimaita sau ɗaya tak. A narkar cikin ruwan HBSS marar kalsiyam da magniziyam, da fifet mai faɗin baki, ba tare da girgizawa ba.

Yanzu a duba kafin a ɓata kayan tsada. A ƙirga da faifan Neubauer da shuɗin tirifan: rayayyu su kai kashi 95 cikin 100. A shafa a gilashi a rina da Leishman ko Giemsa: nutrofil su ma su kai kashi 95. Abu mafi muhimmanci shi ne siffa. Ƙwayar da ke hutawa a mulmule take, sumul. Idan fiye da ɗaya cikin goma sun yi wutsiya, ko kuna ganin su a dunƙule, a zubar a sake gobe. Mun san zubar da aikin awa biyu da jinin mutum akwai ciwo, amma sakamakon da za a samu daga irin waɗannan ƙwayoyi ba ya nufin komai. Daga gama warewa kuna da awa biyu zuwa uku.

Kula da maiƙon

LTB4 yakan zo a narke cikin etanol, sau da yawa mikrogiram 100 a ml. Nauyinsa 336.5 ne, don haka wannan ya yi daidai da kusan mikromola 300. Iska da haske da zafi duk suna lalata shi, kuma yana manne wa roba. Ranar da ya iso a raba shi ƙanana cikin kwalaben gilashi masu duhu, a busa naitirojin idan akwai, a rufe da kyau, a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifili, ko 20 idan shi ke nan. Inda wuta ke yawan ɗaukewa a tura kwalaben can ƙuryar firiza, a kewaye su da gorunan ruwa daskararru, a hana buɗe ƙofa. Kwalba guda da ake buɗewa kullum tana yin ɓarna iri biyu lokaci ɗaya: etanol na tashi, sinadarin na ruɓewa, babu wanda ya san ainihin abin da ya rage.

Akwai hanyar tabbatarwa mai sauƙi ga mai injin auna hasken UV da kofin kwats. A tsarma kashi ɗaya cikin 20 da etanol. Lafiyayyen LTB4 yana nuna ƙololuwa a nanomita 270 da kafaɗu biyu kusa da 260 da 280, kuma a wannan tsarmi awon zai kai kusan 0.75. Idan siffar ta baje ko awon ya faɗi sosai, an yi asararsa.

Ruwan gwaji shi ne HBSS mai kalsiyam da magniziyam, da HEPES milimola 10 a pH 7.4, da albumin na saniya 0.1% wanda aka cire wa maiƙo. Albumin na hana mannewa a roba, amma idan ya yi yawa yana riƙe LTB4 ya hana shi isa ga makarɓi. Da HEPES ba ku buƙatar inkubeta mai iskar CO2. A tsarma a cikin rabin awa kafin amfani: mikrolita 10 cikin ml 2.99 ya ba da mikromola 1, daga nan ɗaya cikin goma a jere zuwa nanomola 100, 10, 1 da 0.1, ana canza bakin fifet kowane mataki.

Gwajin kansa

Tsarin na Stephen Boyden ne tun 1962: ɗaki biyu da tankaɗe a tsakani. A yau ana amfani da Transwell mai rami 24, ɗan kofin mm 6.5, huda mikromita 3. Mai huda 8 na wasu ƙwayoyi ne. Nutrofil za su zube ta ciki kawai.

A fara cika ramukan ƙasa da mikrolita 600, kowane sharaɗi rami uku. Ban da matakan LTB4 biyar ɗin, dole a samu: ramin kwatance, wato ruwan gwaji da etanol daidai da wanda ke cikin mafi ƙarfi (0.33% a mikromola 1), fMLP (wani sinadari daban mai kiran nutrofil) nanomola 10 a matsayin shaidar cewa ƙwayoyin na iya tafiya, da rami mai LTB4 nanomola 10 sama da ƙasa duka. Wannan na ƙarshe shi ke rarrabe tafiya mai alƙibla da yawon banza, kuma shi ne abin da mai jarrabawa nagari zai fara tambaya. A ƙara rami marar kofi, mikrolita 100 na ƙwayoyi cikin 500 na ruwa, ya tsaya a matsayin ɗari bisa ɗari.

A ɗumama farantin minti 10 a digiri 37. Sai a lokacin za a mayar da ƙwayoyin cikin ruwan gwaji mai kalsiyam, miliyan 2 a ml. A saka kofunan a karkace don kada kumfa ta maƙale a ƙarƙashi, a ɗaga farantin a leƙa ta ƙasa a tabbatar, sannan a zuba mikrolita 100 a kowane kofi, wato ƙwaya 200,000. A rufe, minti 60 a digiri 37, kada a motsa. Girgiza ɗaya na gauraya sama da ƙasa, bambancin da ƙwayar ke bi ya ɓace. Idan wuta ta ɗauke a bar ƙofar inkubeta a rufe, a rubuta zafin da aka tarar a ƙarshe.

Da cikar lokaci a cire kofunan, a sa mikrolita 6 na EDTA mai ƙarfin mola 0.5 a kowane rami, a ɗora farantin kan ƙanƙara minti 10 don waɗanda suka manne su saki. Sanyi ba ya cutarwa yanzu. A nan akwai tarkon lissafi: ko da kashi 30 cikin 100 sun ƙetare, ƙwaya 60,000 ne cikin mikrolita 600, wato kusan 10 a kowane babban murabba'in Neubauer, na ramin kwatance kuma ƙasa da haka nesa. Ƙirga irin wannan adadi caca ce. A juya abin da ke kowane rami, a mayar cikin mikrolita 60, a ƙirga aƙalla ƙwaya 100. Wani ya rufe lambobin kwalaben don mai ƙirga kada ya san wanne yake dubawa.

Karanta sakamako da gano matsala

Abin da ake sa rai shi ne tafiya ta ƙaru daga nanomola 0.1, ta kai ƙololuwa wajen 10, sannan ta ragu a mikromola 1. Ɗalibai da yawa sukan ɗauki wannan raguwa kuskure ne su goge ta. Daidai ce. Idan sinadarin ya yi yawa duk makarɓan gaba da baya sun cika, ƙwayar ba ta iya gane alƙibla, kuma tana janye BLT1 zuwa ciki.

Idan ramin kwatance ya cika da ƙwayoyi, an tayar da su tun wajen warewa, ko akwai endotoksin, ko fifet ya huda tankaɗen. Idan babu tafiya ko'ina har da fMLP, a duba ko an manta kalsiyam da magniziyam, ko kumfa, ko ƙwayoyin sun tsufa. Idan fMLP ya yi aiki LTB4 bai yi ba, a fara zargin kwalbar maiƙon a auna ta da UV; idan lafiyarta lau, to ƙwayoyin sun riga sun saki nasu LTB4 lokacin warewa har makarɓansu suka dushe. Bambanci mai yawa tsakanin ramuka uku na sharaɗi ɗaya yawanci daga kwanciyar ƙwayoyi ne a kwalba: a juya ta a hankali kafin kowace ɗiba.

Domin nuna cewa ta BLT1 abin ya bi, a jiƙa wani kaso na ƙwayoyin da U-75302, mai toshe BLT1, mikromola 1 na minti 15 kafin a zuba su. Tafiya zuwa LTB4 ta kamata ta ragu sosai.

Wanda ke son auna LTB4 da ƙwayoyin ke haɗawa da kansu, ya sa miliyan 5 a ml cikin ruwa mai kalsiyam, ya tsokane su da A23187, mai shigar da kalsiyam cikin ƙwaya, mikromola 2.5 na minti 5 a digiri 37, ya tsayar a ƙanƙara, ya juya cikin sanyi, ya daskarar da ruwan saman don aunawa da gwajin ELISA. Wuce minti 10 na rage awon, saboda CYP4F3 ya fara aikinsa. Ragowar jajayen ƙwayoyi na iya ƙara shi, domin suna karɓar LTA4 su mayar da shi LTB4. Filetilet kuwa suna karkatar da shi zuwa LTC4 da lifoksin. Zilyuton ko MK-886, masu toshe hanyar 5-LO, za su rushe awon, asfirin ba zai rage shi ba, kuma wannan kwatanci ne mai kyau na rabuwar hanyoyin biyu. Kada a auna LTB4 a ruwan jinin da aka bari ya daskare a ce shi ne na jikin majiyyaci, domin fararen ƙwayoyi na haɗa sabo a cikin kwalba yayin daskarewa.

Wajen rubuta rahoto, ramuka uku na jinin mutum ɗaya awo ɗaya ne, ba uku ba. A maimaita gwajin da jinin mutane daban-daban, aƙalla uku, biyar ya fi, a ranaku daban-daban, kuma a kwatanta kowane mutum da ramin kwatancensa na ranar.